Biyu Cikin Saba'in

Da hantsin Talata DPO ya kira Sufeto Dallatu ofis. An saci shanu biyu a gonar Alhaji Mubarak, shugaban wani kamfanin gine-gine. Shanu biyu ba su kai a ta da sufeto ba, sai dai daga sama aka bugo wa DPO waya.

"Kafin Juma'a nake son ɓarawon," in ji DPO. "In ba haka ba, ni da kai mu fara haɗa komatsanmu."

A Maitama, sai da Dallatu ya wuce ƙofa uku kafin ya ga Alhaji. Bangon falon cike yake da hotunansa yana miƙa buhun shinkafa, kowane hoto fuskarsa na kallon kyamara, ba mai karɓa ba.

"Da bonas ɗin da kamfani ya ba ni na sayi garken, shekara huɗu ke nan," in ji Alhaji. "Saba'in ne cif. Ba kuɗin ya dame ni ba, Ofisa, rainin ne."

"Wa ke kiwon su?"

"Baffa. Shi kam mutumin kirki ne, har ya yi yawa. Duk shekara sai ya zo min da wa'azi."

Gonar tana bayan Ushafa, kewaye da waya. Jonah mai gadi ya tare shi da labari a shirye.

"Oga, mota ne ya zo. Babban mota, mutane huɗu."

Dallatu ya duba ƙofar. An yi ruwa ranar Lahadi, ƙasa ta jiƙe, amma babu sawun taya ko ɗaya. Wayar shingen kuma ba a yanke ta ba.

"Motar ta sama ta bi?"

Jonah ya sosa ƙeya. Can ya ce shi dai ya ga garke ya fita kiwo da safe, da yamma ya dawo ba biyu. Tsoron kora ya sa ya ƙirƙiro motar.

Baffa na zaune a gindin ɗorawa yana tufka igiya, dattijo ne siriri. Bayansa ga bijimai manya, kowanne ya isa a sace shi.

"Baba, waɗanne ne suka ɓata?"

"Maraƙi ɗaya, karsana ɗaya. Wataƙila daji suka shiga."

"Shekarunsu nawa?"

"Shi biyu, ita uku."

Dallatu ya san wannan lissafin. A zauren mahaifinsa ya tashi, malamin da makiyaya ke zuwa tambaya, ya kuma haddace abin tun yana ƙarami: shanu talatin, maraƙi ɗan shekara biyu, arba'in, karsana 'yar shekara uku. Talatin da arba'in, saba'in. Ɓarawo bai taɓa tsallake bijimi ya tsaya duba haƙoran maraƙi ba.

Ya tsuguna kusa da tsohon. "Baba, zakka ka fitar."

Igiyar ta tsaya a hannun Baffa. Bai yi musu ba.

"Sau huɗu ina tuna wa Alhaji. Ya ce yana da gidauniya, yana rabon shinkafa, ya wadatar. Na ce ta dabbobi daban take. Nonon shanun nan ni da iyalina muke sha, ɗana. Kullum na kai ƙwarya baki sai in ji haƙƙin wani nake sha."

"Me ya hana ka barin aikin?"

"In je ina? Inda muke kiwo duk an zuba gidaje. Nawa shanun sun ƙare tuni. Ban iya komai ba sai wannan."

"Wa ka ba?"

"Waɗanda ya kamata. Ba zan faɗa ba, za ku ce sun karɓi kayan sata."

Dallatu ya ji tausayinsa har cikin ransa. Ya koma gefe ya kira Alhaji, ya yi bayani dalla-dalla. Kalma ɗaya ce ake bukata: ya ce ya amince, a rufe magana.

"In na bar wannan, gobe direba ma ya fitar min da zakkar mota," in ji Alhaji, ya kashe waya.

Dallatu ya mayar da wayar aljihu. Ba ya son kama tsohon nan, kuma ba shi da hanyar barin sa. Da ya juyo, Baffa ya riga ya miƙe, ya naɗe igiyarsa, ya jingine sandarsa. Dallatu bai fito da ankwa ba, ya buɗe masa ƙofar mota kawai.

Sun kusa titin Bwari Baffa ya yi magana.

"Ɗana, na ga kana da karatu. Liman ya ce min zakka ba ta yiwuwa sai da niyyar mai dukiya. Bayan na bayar ya faɗa min. Haka ne?"

Dallatu ya so ya yi masa ƙarya, ya kasa. "Haka ne, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya dubi tafin hannunsa.

"To, ashe satar ce kawai na yi. Rubuta haka."