Katako a Bakin Bututu

Da tsakar rana aka kira ofishin 'yan sanda. Tankin ruwan zafi ya fashe a saman wani banɗaki, tafasasshen ruwa ya kwararo wa wata tsohuwa. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Insifekta ya tarar da mijinta, tsohon kafinta, zaune a ƙasa ya zuba wa bango ido. Ɗansu kuwa sai kumfar baki yake, a kama mai gyaran famfo.

Insifekta ya hau rufin. Tankin ya tsage daga gindi. A bakin siririn bututun da ke samansa an cusa guntun katako, an fere shi sumul.

Aka kawo mai famfo. Ya ce tanki iri biyu ne. Akwai mai kauri da aka yi don matsi, ruwansa na fita da ƙarfi. Wannan kuwa jikinsa ba ƙwari, ta bututun nan yake numfashi, ruwansa na zuba a hankali. In ka toshe shi, ka shaƙe shi. Ya rantse a buɗe ya bar shi.

Ɗan na ganin katakon a hannun Insifekta, sai ya yi wuf ya ce:

"Ni na toshe, ranka ya daɗe."

"Wane irin katako ne?"

Ɗan ya shiga kame-kame.

"Maɗaci ne," in ji tsohon, bai ɗago ba. "Ƙyale yaron nan, ko ƙusa bai iya bugawa ba."

Ya ce ciwon baya ya daɗe yana cin matarsa. Ta je gidan 'yarsu, ta dawo tana labarin ruwan wankansu mai dukan baya kamar tausa. Shi da ya ga tururi na tsira ta bututu, sai ya ɗauka ta nan ƙarfin ke gudu.

"Ruwan kuwa ya yi ƙarfi, ɗana. Ina jiyo ta tana dariya, wai tsufa bai cinye min basira ba."

Insifekta ya sha ganin masu laifi, amma yau hannunsa ya ƙi zuwa ga ankwa. Ya sallami mai famfo, ya kama tsohon ya miƙar.

A bakin ƙofa tsohon ya juya wajen ɗakin matarsa, ya buɗe baki zai ce mata ya fita, kamar yadda ya saba. Sai ya rufe, ya shiga mota.