Tanderun da Barmo Ya Ƙi Buɗewa

Ranar da Tahira ta fara shiga labo, ɗakin gwaje-gwajen jami'a, da ƙananan fayafayan yumɓu a faranti, ta tarar da wani dogon saurayi durƙushe gaban tanderu kamar mai jinya. Barmo ke nan, ɗan Inna Balki maginiyar tukwane ta Jiratawa, wanda aka ɗauka aikin kula da wuta. Ya ɗago, ta sunkuyar da kai, kuma daga ranar ba wanda ya sake samun sukuni.

Ita ta yi masa bayanin aikinta. "Wagga ƙasa zirkoniya ce, na barbaɗa mata garin itiriya kamar gishiri a miya. In ta watsu ko'ina, ƙwayoyin oksijin su ratsa, a samu lantarki. In ta taru wuri guda, ta tare musu hanya."

Mahaifinta, Alhaji Maman Lawali na unguwar Zariya, bai ji daɗin labarin soyayyarsu ba.

"Ɗan mai tukwane? Ga Zakariya'u ɗan aminina yana ta zarya! To, ki ci sutanas ɗinki bana, ki kare kundin digirinki gaban malamai, in saurare ki. In kin hwaɗi, kar in ƙara jin sunan yaron nan."

Wata uku fayafayan suna ƙin aiki. Sai wata Litinin ta gano dalili: maimakon ya fiddo su da zafinsu kamar yadda ta rubuta, Barmo rufe tanderun yake yi kwana biyu su huce a hankali. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta fita ko sallama babu.

Saƙonsa ya biyo ta: "Tauraruwata, Inna ta koya mini abin da ya ci wuta ba a nuna mishi iska, hwashewa yake. Tausayin aikinki na ji. Ki gahwarce ni."

Kwana uku ta share shi, tana dai karanta saƙon a ɓoye. A na huɗu wani tunani ya faɗo mata, ta rubuta: "Ɗan Inna, gobe ka zo da wuri. Rabin fayafayan ka bar su su huce irin na Jiratawa, rabi irin nawa."

Madubin ƙara girma ya raba gardama. A fayafayan da suka huce a hankali, itiriya ta samu lokacin rarrafawa ta taru a iyakokin ƙwayoyin yumɓun, ta toshe hanya. Waɗanda aka fiddo da zafi kuwa lantarkinsu ya ninka. Kuskuren Barmo ya zama babi mafi ƙarfi a kundinta.

Ranar sutanas, shugaban alƙalai ya tambayi inda ta samo dabarar kwatanta hucewa a hankali da ta sauri.

"Wurin Inna Balki ta Jiratawa," in ji Tahira, kanta a sama. "Sunanta na shahi na biyu na kundina."

Aka ba ta sakamako mafi girma. Alhaji ya goge ido da bakin rawaninsa, ya juya wajen Barmo da ke rakuɓe bakin ƙofa.

"Kai, ka ce ma manyanka su zo."

Bayan girbin gero aka ɗaura aure, Jiratawa ta cika Zariya da guɗa, kowa na cewa Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ta gari.

Har yau akwai randa a zauren Alhaji. Duk baƙon da ya sha ruwanta sai ya ji: "Surukar ɗiyata ta gina ta. Sunanta na cikin littahin jami'a."