Harafi Ɗaya Ya Kwantar da Baba

Akawu ne ya kwantar da tsohon nan, ba hawan jini ba. Kowa ya ji.

Auta, 'yar Baba, tana ɗinki a shagon bakin titi, direban motar asibiti ya kawo rigar aikinsa a gyara aljihu. Sau uku yana dawowa da ita.

"Malam, wai kai kake farke shi?"

"In ban farke ba, da wane dalili zan zo?"

Da maganar aure ta taso, Baba ya ƙi da farko, wai mai jigilar gawa ne. Da ƙyar ya sauko. Akawu kuwa, ɗan ƙanin Baba, da ma yana son Auta, kuma shi ke karanta wa gidan duk takardar Turanci.

Direba ya turo mata saƙo: "Tauraruwata, na sa sunanki a takardar wurin aiki. Za a kawo ta gida, Baba ya gani."

Ranar da aka kawo, Auta tana shago. Akawu ya gyara tabarau.

"Baba, difendan aka rubuta. Yaron nan ya maka 'yarka a kotu."

Baba ya miƙe, bai kai ƙofa ba ya faɗi. Direban ne ya ɗauke shi zuwa asibiti. Auta ko kallonsa ba ta yi ba. Kwana tara tana kashe kiransa, tana kuka a gefen gado.

Sai da wata nas ta duba takardar.

"Ke, wa ya ce kotu? Wannan dependant ne, da p. Wadda mutum ke ɗauke da nauyinta, a riƙa duba ta a nan in ta yi ciwo. Na kotu defendant ne, da f."

Auta ta ɗauko waya ta rubuta wa direban: "Nawa, na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Ina bakin ƙofa tun safe. Baba ya ci abinci?"

An ɗaura auren Baba yana kan keken marasa lafiya, rabin jikinsa a mace. Bakinsa ya kasa sa albarka, sai ya riƙe hannun direban ya ƙi saki. Allah ya ba su zaman lafiya.

Shi kuwa Akawu yana ta yawo yana cewa ai a baki duk ɗaya ne. A baki aka ba shi? A rubuce ya gani, da tabarau a idonsa! Ya zo ya durƙusa gaban tsohon nan ya faɗa: bai iya ba ne, ko da gangan ya yi?