Dutse Mai Rai

"Mai Fitila! Mai Fitila, zo ka gani! Wayyo daɗi, ruwanmu ya nuna!"

Ihun da 'Yar Teku ta zuba ke nan a falo da sassafe, har mijinta ya fito da gudu, kumfar sabulun aski a rabin fuskarsa. Ta ɗaga masa 'yar kwalbar gwajin ruwa saitin taga.

"Kalli kalar! Gubar ta tafi gaba ɗaya. Bakteriya ta cika tankin, wallahi ta yaɗu ko'ina!"

Ya ɗauke ta cak ya juya da ita, kumfa ta shafe mata kunci, suna ta ƙyalƙyala dariya kamar yara.

Ba banza ba suke wannan murna. Tun ranar da ya je gyaran wayar wuta a shagon kifin ado inda take aiki, ya ga yarinya tana yi wa kifi magana kamar 'yan'uwanta, ya laƙaba mata 'Yar Teku, ita kuma ta rama da Mai Fitila. Kafin aure suka yi wa juna alkawarin sai sun kafa ƙaramin teku a falonsu. Ga shi nan kuwa a jikin bango: tankin gilashi cike da ruwan gishiri, da farin yashi, da duwatsun da aka ciro daga tsohon tankin shago. Masu sana'ar suna ce musu dutse mai rai, saboda ƙananan halittun da ke zaune a ramukansu suna cinye dattin kifi. Sai waɗannan halittu sun yawaita ake sa kifi, in ba haka ba kifin ya mutu a cikin gubar kashinsa. Makonni suka yi suna jira, duwatsu suka yi wani gansakuka mai ruwan ƙasa, mummuna da shi, amma a wurin 'Yar Teku ya fi lalle kyau.

Abin da ba su lura ba, akwai mai saurare a bakin ƙofa. Mahaifiyar Mai Fitila ce, wadda ta zo musu hutu. Ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, shi ya sa kowa ke ce mata Metiron. Mace ce da ko cokali ka miƙa mata sai ta ɗaga shi ta duba bayansa.

"Me na ji an ce ya yaɗu?" ta tambaya a hankali.

'Yar Teku ta durƙusa. "Ina kwana, Mama. Bakteriya ce, ta cikin..."

"Inna lillahi! Ni na ƙarar da ƙuruciyata ina yaƙi da ƙwayoyin cuta, ke kuma kina kiwonsu a falon ɗana, har da rawa?"

"Mama, ba masu cuta ba ne, na kirki ne."

"Na kirki! Yau na ji abin da ya fi ƙarfin kunnena. Dubi duwatsun nan don Allah, kamar bayan tsohuwar randa. Ga wata shuɗiyar fitila kamar ta ɗakin tiyata. Ke yarinya, ƙazanta ce dai, kika sa mata sunan boko!"

Mai Fitila ya sosa ƙeya ya ce, "Mama, ai da kin bari ta yi miki bayani..." Kallo ɗaya ta yi masa ya haɗiye sauran. Namijin duniya a kan tsani da filaya, amma gaban uwarsa ruwa ne.

Hawaye suka ciko idon 'Yar Teku, ta mayar da su. Yau ranar farin ciki ce, yau za su ɗauko kifayensu na farko, ba za ta bari a ɓata mata ba.

A shago ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Mai shagon, tsohon maigidanta, ya kamo musu kifaye biyu masu ruwan lemo da ratsin fari, mata da miji, ya ɗaure su a leda.

"Biyun nan kawai," in ji shi. "Ban da haɗama. Sai sun zauna daram ku ƙara wasu, murjani mai rai kuma, halittar nan ta teku mai kama da fure, shi ne na ƙarshe. Kai kuma ka bi fitilarka a sannu, in ka sakar wa murjani haske gaba ɗaya fari zai yi ya mutu."

"Oga, ai na haɗa mata taima, agogon da ke kunna ta da kashe ta," in ji Mai Fitila yana washe baki. "Shuɗi ya fara fitowa kamar asuba, fari ya biyo baya, da yamma su sauka tare."

A mota 'Yar Teku ta rungume ledar a cinya tana cewa, "Filis ka rage gudu, amarya da ango ne fa a ciki!"

Tun daga matattakala warin bilic, sinadarin wanki mai kashe ƙwayoyin cuta, ya tare su. Ta tsaya cak. A baranda, a kan buhu, ga duwatsunta an jera su a rana, fari fat kamar ƙashi. A falo tankin ya bushe ƙarau yana ƙyalli. Metiron na tsaye, safar roba har gwiwar hannu, fuskarta cike da alfahari.

"Yauwa, kun dawo. Yanzu kifi zai shiga wuri mai tsabta."

'Yar Teku ta zube a ƙasa. Kukan da ta riƙe tun safe ya ƙwace mata.

"Mama, kin kashe su! Duk kin kashe su! Ina zan sa kifayen nan yanzu?"

"Ni kike ɗaga wa murya a kan dutse?" Metiron ta cire safar ta yar. Ta juya ga ɗanta. "Kai! Bayana ya ƙage ina gyara muku gida, sakayyar ke nan? To ka ji da kyau, ba zan haɗa zuri'a da mai kiwon cuta ba. Ko ni ko ita!"

Ta shige ɗakinta ta bugo ƙofa. Mai Fitila ya tsaya tsakiyar falo da ledar kifi a hannu, ya kalli ƙofar uwarsa, ya kalli matarsa, ya rasa bakin magana. Wannan shirun ya fi bilic ɗin ƙona zuciyar 'Yar Teku.

"Mayar da su shago kafin iskarsu ta ƙare," ta ce tana share ido. "Ni ba zan raba ka da mahaifiyarka ba. Gidanmu zan tafi."

"Haba 'Yar Teku, don Allah..."

"Kifayen, na ce!"

Ya fita da gudu don ya san gaskiya ta faɗa. Ta haɗa kayanta a jaka tana kuka, don tana son mijinta, kuma ba ta san ko in ta fita za ta sake dawowa ba. Har ta kai ƙofar gida ta tsaya. Duk abin da aka yi mata, ba a haife ta a gidan da ake fita ba a yi wa babba sallama ba. Ta ajiye jakar, ta je ta ƙwanƙwasa, ta tura ƙofar a hankali.

Metiron na zaune a bakin gado, ta sunkuya a kan wata robar wanke-wanke, tabarau a kan hanci. Ta yi wuf za ta rufe robar da mayafi, amma an riga an gani. Dutse ne guda ɗaya a cikin ruwan tankin, da gansakukansa da komai. Daga wani ɗan rami a jikinsa wata halitta ta buɗe gashinta ja-ja kamar ƙaramar fure, tana kaɗawa.

"Mama... wannan fa?"

Metiron ta kawar da kai. "Na ɗaga buroshi zan goge shi, sai abin nan ya shige rami da sauri. Da na tsaya, ya sake leƙowa. Tsorona yake ji. Ni da na karɓi haihuwa da hannun nan, ina zan iya zuba wa mai rai bilic yana kallona? Tun da na shigo nake tunani, sauran da na goge, su ma akwai irinsa a ciki?"

Da 'Yar Teku ta so, da ta ce e, ta rama. Maimakon haka ta durƙusa ta riƙe hannun surukarta.

"Mama, ki yafe mini ɗaga muryar da na yi. Kin san me kika yi kuwa? Kin ceci tekun gaba ɗaya! Dutsen nan ɗaya ya isa iri. In muka ɗauraye sauran sosai suka sha rana, muka haɗa sabon ruwa, shi zai raya su duka."

"Da gaske, 'yata?"

Tun da aka kawo ta gidan, yau ne karon farko da ta ji wannan kalma. Suka rungume juna suna kuka. Haka Mai Fitila ya dawo a guje ya same su, ga jaka a bakin ƙofa, ga mata biyu sun haɗa kai a kan roba. Metiron ta ɗago ta harare shi.

"Ka tsaya kana kallonmu kamar gunki? Ɗauke mata jakar nan ka mayar! Kuma daga yau in na yi kuskure ka buɗe baki ka faɗa mini, ba wai ka tsaya kana sosa ƙeya ba."

Aka koma jira daga farko. Metiron ta ɗage tafiyarta, ta karɓe aikin gwajin ruwa, don a cewarta yaran zamani ba su iya riƙe kwalba ba. Ranar da gansakuka ya sake fitowa, ita ce ta fara ihu, "Ku fito, ƙazantarmu ta dawo!"

Da ruwan ya nuna aka sake ɗauko amarya da ango. Metiron ta sa ledar ta yi iyo a saman tankin har zafin ruwan ya daidaita, tana ɗiga musu ruwan sabon gida kaɗan-kaɗan kamar ƙarin ruwan asibiti. Da aka sake su suka zagaya tare, suka je suka laɓe a jikin dutsenta. Falon ya kaure da tafi.

Bayan wani lokaci murjani na farko ya iso. Mai Fitila ya kai hannu zai ƙure hasken don a ga kyansa, uwarsa ta buge hannun.

"A sannu! Baƙo ne, bari ya saba da mu tukuna." Ta saci kallon surukarta. "Ni na taɓa sakar wa baƙuwa haske gaba ɗaya, saura ƙiris in rasa ta."

'Yar Teku ta sunkuyar da kai tana murmushi, mijinta ya matse hannunta ta bayan kujera.

To, 'yan'uwa, ba duk abin da ido ya raina ne datti ba, a tambaya kafin a ɗauki buroshi. Wanda aka ɓata wa kuma ya daure ya yi sallama kafin ya fita, don mahaƙurci mawadaci ne. Da 'Yar Teku ta ja jakarta a fusace, da ba ta taɓa sanin abin da ke cikin robar nan ba.