Wanda Ba a Tambaya Ba

"Ango?" Malama ta yi dariya tana juya alƙalamin allo a hannunta. "Ai ango ba ya tsayar da aiki. A faɗa masa rana, ya yi wanka ya zo!"

Ajin ya kwashe da dariya.

Sai a lokacin ta hango shi. Dogo, wanda za ta aura, zaune a kujerar baya, ko rigar asibitin dabbobi bai cire ba. Ya miƙe a hankali ya fita.

Ba ta saba yanke darasi a tsakiya ba, sai da ta kai ƙarshe.

Tun farkon zango take koya wa ɗaliban kasuwanci yadda ake tafiyar da aiki daga tushe har kammalawa. Da ta nemi misali mai daɗi, sai ta ɗauko shirin bikinta ta cire sunaye, kamar ɗalibai ba su da ido. Ranar nan darasin masu ruwa da tsaki ne: duk wanda zai iya tsayar maka da aiki, ka same shi tun wuri. Sun lissafa uban amarya, uwar ango, mai zauren biki, har tela. Wata ɗaliba ce ta tambaya, ango fa?

A ofis ta tarar da abokiyar zamanta, malamar lissafi, tana gyara farce.

"Ni na gayyato shi, ƙawata. Na ce ya zo ya ga yadda kike burge yara... laifi ne?"

Malama ta daɗe da sanin cewa idon matar a kan Dogo yake.

Kafin yamma yayar Dogo ta kira.

"Dama na faɗa wa Umma, ƙanena ba kwangila ba ne. Ki nemi wani ki tafiyar!"

Yayar ta kashe wayar.

Malama tana son Dogo, so na gaske, sai dai irin mutanen nan ce da ko shayi za su dafa sai sun tsara wa zai kawo ruwa. Washegari ta same shi a asibitinsa yana naɗe wa wata mage ƙafa. Bai ɗago ba.

"Masoyi, wasa nake yi..."

"Na sani. Shi ya sa ya yi min ciwo, a wasa mutum ke faɗin abin da ke ransa."

"Haba dai!"

"Kin tambayi Umma launin labule. Kin zauna da mai zaure. Gidan da za mu zauna ma, sai da kika gama magana da mai shi kika turo min hoto."

"Ba ka taɓa cewa a'a ba."

"Ba ki taɓa tambayata ba."

Kunya ta rufe ta, ita da ke rage wa ɗalibai maki a kan irin wannan kuskuren.

"To na tambaya yanzu. Me kake so?"

"Ke nake so. Amma wannan bikin naki ne ke kaɗai. A ɗaga shi, mu zauna mu biyu mu sake lale."

"An fa raba kati, Dogo! Baba ya gaya wa mutane... ɗalibaina ma sun san ranar."

Ya ci gaba da naɗe ƙafar magen.

Ta daɗe a tsaye. A duk rayuwarta ba ta taɓa ɗaga ranar gama aiki ba, kuma ta san malamar lissafi za ta sha dariya har ta ƙoshi. Ta ciro waya, ta kira mai zaure ta ce a fasa waccan ranar.

"To Hajiya, sai yaushe?" in ji mutumin.

Ranaku uku sun zo mata baki a take, kowacce da dalilinta. Ta haɗiye su.

Ta miƙa wa Dogo wayar.