Layuka Ukun Da Suka Ɓace Daga Takardar Famfo

Da safiyar da ta biyo ruwan farko na daminar 1996, masu lambun bakin tabkin Madarunfa suka tarar famfonsu mai aiki da hasken rana ya mutu murus, ƙaurin ƙuna kawai ke tashi. Tsawa ce ta cinye shi. Da aka buɗe akwatin wayoyi, sai ga gurbin makarin tsawa wayam, an haɗa waya da waya kai tsaye.

Malam Tanko, mai gyaran lantarkin ƙungiyar masu lambun, ya rantse da hannunsa ya ɗaura makarin. Amma takardar da ke biro, wato ofishin ƙungiyar, wadda ke lissafa kowace waya da inda ta nufa, ko ambaton makari ba ta yi ba. Shugaban ƙungiya ya ce ranar Juma'a za a sallame shi a gaban jama'a saboda sakaci. Mutumin da ya shekara ashirin yana aiki ba a taɓa cewa ya ƙona ko kwan fitila ba!

Matarsa Ɗelu tela ce, ta yi lakkwal, makarantar boko, har aji shida, kuma ba ta iya zama tana kallon mijinta yana juya cokali a kwano ba ya ci. Ta zazzage akwatin kayan aurenta, ta zaro kwafin karbon na takardar wayoyin da ya ba ta ajiya tun ranar da aka kafa famfon, ta ja mijin har gaban Shef Hamza na jandarma.

Mutum uku ke da mabuɗin akwatin wayoyi, har da Tanko, duka Shef ya kira su. Ya fara da Lawali maigadi.

"Ka taɓa buɗe akwatin?"

"Ni? Shef, ko rediyona ban canza wa batir sai na yi bisimilla sau uku."

"Ka iya karatu?"

"Na allo, shi ma da gyara."

Sai Ɗan Baba, mai kula da ɗakin ajiyar kayan ƙungiya, mutum mai tsaf-tsaf.

"Wa ya buga takardar biro?"

"Baba Tanko mana. Ni ajiya kawai nake yi. Wannan ta gidansa kuwa ai tsohon gwaji ne, ko ma ta wani famfon ce."

Shef ya jera takardun biyu, ya bi su layi da layi. Layin farko na wannan bai dace da na waccan ba, haka na biyu, haka har ƙasa. Ya yi tsaki.

"Inna, ki yi haƙuri. Takardun nan ko dangi ba su haɗa ba."

Ran Ɗelu ya sosu, amma idonta na kan takardun. Ta hango "waya ja, daga faifan rana zuwa akwati" a saman ɗaya, ta sake hango ta can tsakiyar ɗayar.

"Ɗana, kana gwada hannun riga da wuyan riga ne. Ba ni almakashi."

"Kai, Inna! Shaida ce fa!"

"To buga mani irinsu, in yanka naka."

Haka Shef Hamza, da galar muƙaminsa a kafaɗa da komai, ya zauna yana ƙwanƙwasa keken rubutu da yatsa biyu, Ɗelu na tsaye kansa tana gyara masa kuskure. Ta yayyanka kowane layi daban, ta shimfiɗa su a tebur, ta riƙa haɗa kowane da ɗan'uwansa. Layi talatin da bakwai suka dace kalma da kalma. Uku na Tanko suka rage ba abokin zama: makarin da wayoyinsa biyu. A ɓangaren biro kuma ɗaya ya rage, wayar da ta tsallake gurbin.

"Ka gani? Takarda ɗaya ce. An kwafe ta, an zare uku, an ƙara ɗaya, sannan aka hautsina sauran don kada a gane."

"To wa ya yi?"

"Lawali bai san boko ba, ka cire shi. Malam, da me kake fara lissafinka?"

"Daga faifan rana," in ji Tanko a hankali, "in bi wuta har ta isa famfo."

"Haka ma yake ba da labari a gida, sai ya faro daga kakanninsa. Yanzu karanta ta biro, Shef."

Shef ya karanta. Manyan wayoyi ne a sama, sai matsakaita, sai sirara, ƙusoshi can ƙarshe. Ya miƙe, suka ɗunguma zuwa ɗakin ajiya. A kan kanta, manyan wayoyi na sama, matsakaita a ƙasansu, sirara na biye, gwangwanayen ƙusoshi a ƙasa.

"Ka so ka hautsina," Ɗelu ta ce wa Ɗan Baba, "amma hannunka bai iya hargitsi ba. Yadda ka saba jera kanta, haka ka jera layukan."

Ɗan Baba ya sulale ya zauna kan buhun siminti. Tun watan azumi ya kwance makarin ya sayar a wata kasuwar bakin iyaka, da niyyar mayar da wani kafin damina. Ruwa ya riga shi.

Ranar Juma'a jama'a suka taru kamar yadda aka shirya. Shugaba ya cire hularsa, ya nemi gafarar Malam Tanko da babbar murya, ya roƙe shi ya ɗaura sabon famfo. Hawaye ya zubo wa Tanko har gemu. Da ƙyar ya juyo wajen matarsa.

"Ɗelu, shekara ashirin ina gyara wa mutane kaya. Yau ke kika gyara ni."

Ita ma idonta ya cika, sai ta ɓoye da gefen mayafi.

"To na ji, Malam. Share fuskarka ka tashi, albasar mutane na jin ƙishirwa."