Ƙwarya Ta Biyu

Da hantsi aka kai wa Sufeto Labaran na 'yan sandan En'e rahoto: Mudi, gwarzon 'yan kokawar garin Ƙofa, ya rasu a masaukinsu a Kiru, ranar da zai kara da zakaran garin.

Sufeto ya yaye mayafin gawar. Idanun sun buɗe tangararau, irin na wanda ya sha zaƙami. Ƙirjin kuma a ɗaure tamau da tsumma, ƙullin a gadon baya.

Abokan wasansa uku suna tsugune a zaure: Bala, Inuwa da Audu.

"Me ya ci?"

"Fura, ranka ya daɗe," in ji Bala. "Ƙwarya ɗaya muke sha, ludayi ɗaya. Ƙa'idarmu ke nan, don kada a sammace wani."

"To ku me ya hana ku mutuwa?"

Suka dubi juna.

"Wa ya san ciwon ƙirjinsa?"

"Mudi ba ya ciwo," Audu ya amsa da sauri.

Sufeto dai ba a yi masa wannan. Mutum ba ya ƙulla tsumma a gadon bayansa da kansa. Ya nufi wurin Inna Furera mai fura.

"Ƙwarya nawa kika ba su, Inna?"

"Biyu, ɗan nan. Har na yi mamaki. Dogon nan mai ɗaura wa mamacin ɗamara ne ya ce in ƙaro ƙarama."

Da Sufeto ya komo zauren, bai ɗaga murya ba.

"Audu, wa ke ɗaura wa Mudi ɗamara?"

"Ni ne. Shekara tara."

"Tsumman fa?"

Audu ya kifa kai.

"Haƙarƙarinsa biyu sun karye tun wasan Bebeji. Ya rantsar da ni kada in faɗa. Na roƙe shi ya janye, ya ƙi, wai ba zai ba mu kunya ba. Na san in aka nannaga shi da ƙasa, shi ke nan. Sai na zuba masa zaƙami a fura. Barci kawai na so ya yi, wallahi, har a watse."

Bala ya fashe da kuka. Sufeto kansa tausayi ya kama shi, ankwar da ya ciro ta yi masa nauyi a hannu.

"Da ya ga ƙwarya daban, bai yi gardama ba?"

Audu ya miƙo hannuwansa biyu.

"Ko tambaya bai yi ba, ranka ya daɗe. Ai ni na miƙa masa."